Libarba, Bindigar Toka da Doka: Abin da Wushishi Ta Gani

A dokar makamai ta Najeriya, ƙaramar bindigar nan da ake sokewa a ƙugu jeri ɗaya take da igwa, da roka, da gurneti, da mashinga. Dukkansu haramtattu ne ga farar hula. Kwamishinan 'yan sanda na jiha ba shi da ikon ba ka lasisinta, Sufeto-Janar ma haka. Shugaban Ƙasa kaɗai ke da wannan iko, kuma sai in ya ga dama. Dokar ba ta tambayar shekarun bindigar. Ko bara aka ƙera ta, ko tun zamanin yaƙin Jamus na farko, ko ma irin ta da can ce mai tashi da ƙanƙara, hukuncinsu ɗaya ne.

A wasu ƙasashe kuwa, tara tsofaffin ƙananan bindigogin yaƙi sha'awa ce mai zaman kanta, tana da kasuwarta da dillalanta da masananta. Mutum a Amurka ko Beljiyam zai kwashe shekaru yana neman Luger ta Jamusawa ko Nambu ta Japanawa, yana duba lambar jikinta da hatimin masana'anta, yana cike takardun shigo da ita daga wata ƙasa. A nan babu wannan, kuma ba don mun rasa tarihin yaƙi ba ne. Kakanninmu sun yi yaƙi a Kamaru, da Gabashin Afirka, da Habasha, da Bama. Dalilin ya girmi Najeriya kanta, kuma in ana son a gan shi ƙuru-ƙuru, to a je Wushishi, a bakin kogin Kaduna.

Wushishi sansanin yaƙi ce tun kafin Bature ya san hanyarta. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu, ya baro ƙasar Sakkwato ya gangaro kudu yana cin garuruwan Gwari da Kamuku da Kambari. A 1859 aka ba shi sarautar Sarkin Sudan, a 1864 ya kafa Kwantagora, ya bar ɗansa Modibbo yana riƙe da Wushishi. Ƙarfin rundunar irin tasa yana kan doki ne, da mashi, da takobi, da kibau masu dafi. Bindiga tana nan, amma ba ta da yawa, kuma samunta sai da yardar wanda ke riƙe da hanya. Ta kudu, Nufawa ne suka tare ƙofa: jiragen Turawa na hawowa Kwara da bindigogi da albarushi, Etsu Masaba na Bidda kuwa, har ya rasu a 1873, bai yarda fataucin makamai ya tsallake shi ba. Abin da ya isa Zazzau ko Kano ko Gwandu ta wannan hanya, abin da Bidda ta saki ne. Ta arewa akwai ayarin Tarabulus, wanda ya ba Sarkin Damagaram Tanimun damar tara dubban bindigogi a Zindar, har maƙeransa suna zuba igwa suna haɗa albarushi da kansu. A ƙarshen ƙarnin sarakuna da dama sun kafa rundunar 'yan bindiga, galibinsu bayin sarki, don sarki ba ya son irin wannan makami a hannun hakimin da gobe zai iya juya masa baya. Ashe tun kafin zuwan Turawa, tambayar wa ya cancanci riƙe bindiga tambaya ce ta mulki.

Ita bindigar da ake magana, mai karatu ya san jikanyarta, don har gobe ita ce ke tashi a hawan salla, ita ce kuma a kafaɗar mafarauta da 'yan sintiri. Doguwa ce, cikin bututunta sumul ba zare. Mai ita zai tsayar da ita bisa gindinta, ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, ya zuba 'yan dalma ko guntayen ƙarfe, ya sake cusa tsumma ya danna. In ya ja kunama, ƙanƙara ta kyasta, wuta ta kama, sai ƙara da hayaƙi. Daga nan sai ya koma ya sake ɗuri, abokin gaba kuwa ba ya jira. Da damina albarushi ya sha raɓa ya ƙi tashi. Wani lokaci bututun ya tsage ya tafi da yatsun mai harbi. Maharbi gwani da bakansa yakan saki kibau da yawa kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya.

Wannan ita ce bindigar da Turawa suka zauna suka yarda a ci gaba da sayar mana. A 1890, manyan ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Brasels, wadda a fili manufarta hana cinikin bayi ce. A cikinta aka shata wani yanki na Afirka, daga digiri 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu da ita, aka ce ba a sayar wa 'yan ƙasa bindiga mai zare a bututu, ko mai cin harsashi ta baya, ko harsashinta. Mai ƙanƙara da albarushin kasuwa su ne aka bari. Ƙasar Hausa da Nupe da Barno duk suna cikin wannan yanki. Ba zan ce batun bayi ƙarya ba ne; wanda ya san abin da mahayan Kwantagora suka yi wa ƙauyukan Gwari ba zai faɗi haka ba. Amma duba lokacin da aka yi dokar: shekara biyar bayan taron Balin inda aka tsara rabon Afirka, kuma daidai lokacin da bindiga mai ruwa ta Maxim ta shiga hannun rundunonin Turai. Birmingham, garin da ya daɗe yana ƙera wa kasuwar Afirka bindigogi masu araha, shi ne kuma garin kamfanin Webley, mai ƙera libarbar da hafsan Ingila ke ratayawa. Gari ɗaya, kaya iri biyu, kowane da wanda aka nufa da shi.

An ga sakamakon a ƙofar Bidda cikin Janairun 1897. Kamfanin Neja na Turawa ya zo da sojoji 'yan ɗaruruwa, suka yi sahu mai kusurwa huɗu, da igwa da Maxim a kusurwoyi. Dubban mahayan Nupe suka yi ta kawo sukuwa, ba su iya isa ga sahun ba. Bindigar da ke zubar da harsashi ɗari biyar zuwa ɗari shida a minti ɗaya ba ta san jarumta ba.

Ranar 1 ga Janairun 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa ta shiga hannun gwamnatin Sarauniya. A lokacin abin da yake riƙe da shi bai wuce bakin kogi ba. Yana neman inda zai kafa hedkwata a cikin ƙasa, sai ya tura sojoji su bi rafuka suna dubawa, aka ajiye wasu a Wushishi, don nan ne iyakar inda jirgin ruwa ke iya kaiwa a kogin Kaduna in ruwa ya cika. A shekarar ne yaƙin Asante ya tashi, aka kwashe yawancin sojojin aka kai can. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da Etsu Abubakar na Bidda suka ga dama ta samu, mahayansu suka yi ta kai hari har kusa da garin. Manjo O'Neill ne ya riƙe Wushishi da 'yan sojojin da suka rage, yana fita yana tarar maharan a daji. Da mayaƙan Asante suka dawo, a farkon 1901 Kanar Kemball ya ci Kwantagora, daga nan aka wuce Bidda. Ibrahim ya yi arewa, aka kama shi a ƙasar Zazzau a 1902, aka yi masa ɗaurin talala, sannan a 1903 aka mai da shi gadon sarautarsa, amma ba tare da rundunarsa ba.

Lugga bai zauna a Wushishi ba, ya zaɓi Zungeru, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Wushishi. Don a kai kaya daga bakin ruwa zuwa sabuwar hedkwata aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi, mil 12 daga Wushishi zuwa Zungeru, aka buɗe shi a ƙarshen 1901, shekara ta gaba aka ƙara shi zuwa Barijuko inda ruwa ya fi zurfi. Shi ne jirgin ƙasa na farko a Arewa. Kwanon rufi da siminti da takardun ofis sun bi ta kansa, haka ma akwatunan harsashi. Daga 1902 har aka koma Kaduna wajen 1917, duk umarnin da ya shafi wanda zai riƙe makami a Arewa daga wannan yanki yake fitowa.

To ina libarba a cikin wannan duka? A ƙugun hafsa take. Sojan Rundunar Afirka ta Yamma, Bahaushe ne ko Bayarabe ko Babarbare, doguwar bindiga aka ba shi. Bature mai ba da umarni shi ke da ƙarama. Webley ta shiga aikin sojan Ingila a 1887, aka yi ta gyara ta. Samfuri na huɗu ya fito a 1899, na shida a 1915. Wanda ya taɓa ganinta kusa ba ya mantawa. Tana da nauyi fiye da kilo ɗaya. A gefen hagu akwai wani ɗan maɓalli da ake dannawa da babban yatsa, sai bindigar ta karye biyu, bututu ya sunkuya ƙasa, wani ƙarfe mai kama da tauraro ya taso daga tsakiya ya watsar da kwanson harsashi shida gaba ɗaya. A gindin mariƙinta akwai zobe, inda ake ɗaura igiyar da hafsa ke ratayawa a wuya ko kafaɗa don kada ta faɗi in yana bisa doki. A jikin ƙarfen an buga 'yar alamar kibiya, shaidar cewa kayan gwamnati ce. Ba makamin cin yaƙi ba ce, harbinta ba ya nisa. Aikinta na kusa ne: kare kai in an rutsa da mutum, da kuma tunatar da na ƙasa wanda ke sama. Shi ya sa a idon talakan Arewa ƙaramar bindiga ba ta taɓa zama kayan farauta ko na wasa ba. Kayan mai iko ce, kamar sandar sarauta.

Rundunar da Kanar Morland ya fita da ita daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 sojoji ɗari bakwai ne da 'yan kai, da igwa huɗu da Maxim huɗu, da Turawa 'yan kaɗan. Ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano, ranar 15 ga Maris suka ci Sakkwato, ranar 27 ga Yuli aka yi na ƙarshe a Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Abin lura shi ne, Manjo Marsh da ya jagoranci harin Burmi kibiya ce ta kashe shi, ba harsashi ba. A Satiru kuma, cikin Fabrairun 1906, talakawa da fartanya da gatari da baka suka murƙushe rundunar sojan doki, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka kwashe Maxim. Wata ɗaya bai cika ba aka dawo aka shafe garin. Darasin da masu mulki suka ɗauka a fili yake: mutanen da suka yi wannan da gatari, me za su yi in sun sami bindigar kirki? Dokokin makamai na zamanin mulkin mallaka duk a kan wannan tsoro aka gina su. Manomi ya riƙe ta toka ya kori biri da gwanki daga gona, ya yi mata rajista. Babban ma'aikaci ko attajiri ko basarake, in an yarda da shi, a ba shi lasisin bindigar harbin tsuntsu. Abin da ya wuce nan na gwamnati ne.

Sai yaƙe-yaƙen duniya suka zo, waɗanda su ne tushen duk bindigogin da masu tarawa ke rububi a yau. Luger ta zama ta sojan Jamus a 1908. Mauser mai mariƙi kamar na tsintsiya ta girme ta, tun 1896. Sojojin Najeriya sun gamu da masu riƙe da irin waɗannan a Kamaru, a Garwa da kan dutsen Mora inda Kyaftin von Raben ya ƙi miƙa wuya sai a Fabrairun 1916, sannan a Gabashin Afirka. Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, ya fara aikin soja ne a wajen Jamusawa a Kamaru, har suka ba shi lambar yabo ta ƙarfe, aka kama shi, ya koma rundunar Ingila, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya yi ritaya a 1953. Mutumin da ya yi wa dauloli biyu yaƙi, ya shekara fiye da ashirin yana babban saje-manjan bataliya, muƙamin kyaftin na girmamawa ne kawai aka ba shi, kuma sai da zai ajiye aiki. Har aka gama yaƙin duniya na biyu babu ɗan Najeriya ko ɗaya da ya zama cikakken hafsa. Sai a 1948 aka fara, 'yan Arewa irin su Zakariya Maimalari kuwa sai farkon shekarun 1950.

Wannan shi ya yanke inda ganimar yaƙi ta nufa. A 1941 birged ta Najeriya ta kori Italiyawa daga Mogadishu har Harar. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun ratsa dazukan Kaladan da Arakan a Bama, suka shiga Myohaung cikin Janairun 1945, wasu bataliyoyin Najeriya kuma suka bi rundunar Chindit bayan layin Japanawa a 1944. An kwashi takubba da tutoci da ƙananan bindigogin hafsoshin abokan gaba. Hafsa Bature yakan sa tasa a akwati ya tafi da ita gida, dokar ƙasarsa kuma har yau tana da gurbi na musamman ga bindigar da aka samo ganimar yaƙi kafin 1946. Sojanmu kuwa ya miƙa makaminsa a ma'ajiya, aka sallame shi da lambobin ƙirji da 'yan kuɗin sallama. Abin da ya rage mana na wannan yaƙi sunayen bariki ne: Dodan da Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan. Yara na wucewa ta ƙofarsu kullum ba su san sunaye ne daga yaƙin Bama inda kakanninsu suka zubar da jini ba.

Dokar da muke aiki da ita yanzu ta fara aiki ne a 1959, shekara guda kafin 'yancin kai, kuma duk gyare-gyaren da aka yi mata ba su taɓa ginshiƙinta ba. Hawa uku ne. A sama akwai haramtattu, inda libarba da fistol suke, tare da bindigogin soja. A tsakiya akwai irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu da bindigar farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto-Janar. A ƙasa akwai masu ɗuri ta baki, wato su bindigar toka, waɗanda aka bar wa kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wanda ya dubi wannan tsari ya dubi na Brasels zai ga jini ɗaya ne. Abin da ya canja shi ne mai zama a kujerar sama.

Gwamnatocinmu ba su sassauta ba, kuma suna da hujja. Ranar 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Maimalari da wasu, da makaman gwamnati, a hannun hafsoshin gwamnati. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar makamai barjat a hannun mutane, fashi da makami ya zama ruwan dare. A 1970 gwamnatin Gowon ta yi dokar soja ta hukunta 'yan fashi, aka fara ɗaure su a jikin ganga ana harbewa a bainar jama'a. Oyenusi a bakin teku a Legas cikin 1971 shi ne wanda aka fi tunawa. A 1984 aka sake ɗaure dokar tamau: wanda aka kama da bindiga ba lasisi, tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun. Kuɗin ya zama abin dariya saboda faɗuwar naira, shekara goman kuwa tana nan yadda take.

Yanzu a ɗauka wani dattijo ya rasu, tsohon hafsa ko tsohon ma'aikacin En'e, 'ya'yansa suna kwashe kayan ɗakinsa suka ci karo da libarba a ƙasan adaka, naɗe cikin tsumma mai maiƙo. In marigayin yana da lasisi, doka ta ba magada kwana 14 kacal su riƙe ta. Bayan nan sai a kai ma'ajiyar makamai ta gwamnati. Lasisi ba ya shiga rabon gado. In kuwa ba shi da shi, to duk wanda ta kwana a hannunsa ya shiga layin shekara goma. Shigo da ita daga waje ma ba zance ba ne: sai da lasisin shigowa, sai ta tashar da doka ta ayyana, an hana aikowa ta gidan waya, kuma tun da Najeriya ta shiga yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma kan ƙananan makamai, wadda ta fara da dakatarwar da aka sa wa hannu a Abuja a 1998 ta zama cikakkiyar yarjejeniya a 2006, ita kanta gwamnati sai ta nemi izini kafin ta shigo da makamai. Me magada za su yi? Mai tsoron Allah da tsoron hukuma yakan rasa inda zai sa kansa, don yana gudun ya je ofishin 'yan sanda da niyyar alheri ya kwana a bayan kanta. Sai a jefa ta masai, ko tsohuwar rijiya, ko a haƙa rami a binne. Wanda ba ya tsoron kowa kuma ya san inda zai sami mai saye.

Ingila, wadda ta gadar mana da wannan doka, ta bi wata hanya da tata ta ƙuntata. A Maris na 1996 wani mutum ya shiga makarantar firamare a Dunblane ta Sikotlan da ƙananan bindigogi masu lasisi, ya kashe yara 16 da malamarsu. Shekara ta gaba majalisa ta haramta wa farar hula ƙananan bindigogi kusan gaba ɗaya. Amma ta bar wata 'yar ƙofa saboda tarihi: wadda aka ƙera kafin 1919, kuma harsashinta ba ya samuwa a kasuwa, ana iya ajiye ta a gida da lasisi, ba tare da harsashi ba, wadda ke da muhimmanci na musamman kuma a ajiye ta a wasu keɓaɓɓun wurare da gwamnati ta amince da su, mai ita ya riƙa zuwa can. Amurka ta fi sakin hannu nesa ba kusa ba, don a dokar tarayyarsu bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce. Sai dai ƙofar Ingila ma ɓarayi sun bi ta cikinta. A 2017 kotu ta ɗaure wani dillalin tsofaffin bindigogi shekara 30, saboda yana shigo da su a matsayin kayan tarihi, yana haɗa musu harsashi a gidansa, suna ƙarewa a hannun 'yan daba. Dole a 2021 suka sake ƙuntata ma'anar tsohuwar bindiga. Ƙarfe mai shekara ɗari, in an kula da shi, yana kisa kamar sabo.

Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a buɗe wa mutane ƙofar tara ƙananan bindigogi a gidajensu, balle shigo da su. Wanda ke zaune a jihar Neja bai buƙatar a yi masa dogon bayani. Cikin Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai da malamai daga makarantar kimiyya ta Kagara. Ƙarshen Mayu na shekarar aka kwashe yara fiye da ɗari daga Islamiyyar Tegina, wasunsu ba su isa su yi doguwar tafiya da ƙafa ba, suka yi kusan wata uku a daji. A Agustan 2023 aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a hanyar Zungeru zuwa Tegina, jirgin sama mai saukar ungulu da ya kwaso waɗanda suka jikkata ya faɗi a ƙasar Shiroro. Hedkwatar tsaro ta ce an rasa jami'ai 36. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da sararin ƙara wata kafa da makami zai shigo. Kuma mun ga abin da ke shigowa ko da ƙofar a rufe: kwantena 13 na makamai daga Iran a Apapa a 2010, bindigogi 661 a kwantena ɗaya a Legas cikin Janairun 2017, wasu 844 da harsashi 112,500 a tashar Onne a 2024. Waɗannan su ne waɗanda aka kama.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Dokar da ta gagara hana ɗan bindigar daji riƙe AK-47 ta yi nasara sarai wajen hana ƙasa adana tarihinta. Ƙaramar hukumar da ta ga jirgin ƙasa na farko a Arewa, ta riƙe hedkwatar Arewa kimanin shekara goma sha biyar, inda aka haifi Azikiwe a 1904 da Ojukwu a 1933, garin da ya ba Najeriya Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Janar Muhammadu Inuwa Wushishi, daga 1981 zuwa 1983, abin da baƙo zai gani a Zungeru kufai ne: ginshiƙan gidan gwamna, da maƙabartar Turawa, da ciyawa. Gadar ƙafa ta Lugga an cire ta a 1954 an kai Kaduna. Kan jirgin Wushishi yana tashar Minna. Wanda ke son ya ga makaman yaƙin basasa sai ya tafi Umuahia, inda aka yi gidan tarihin yaƙi na ƙasa aka jera har da bama-baman da Biyafara ta ƙera da hannunta. Sun kyauta da suka yi haka. A Gidan Makama na Kano ana ganin wasu kayan yaƙin da. Amma yaƙin da ya sauya Arewa gaba ɗaya, wanda aka shirya shi a tsakanin Wushishi da Zungeru, ba shi da ɗaki ko ɗaya a inda aka shirya shi.

Ga abin da nake ganin ya dace, kuma bai saɓa wa tsaro ba ko kaɗan. A 2021 aka kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, a 2024 aka ba ta doka tata, kuma tana tattara bindigogin da aka ƙwace tana lalata su dubbai. Daidai ne. Amma kafin a sa wa ƙarfe wuta, a bar ma'aikacin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ya duba tarin. Cikin ɗaruruwan bindigogin ƙirar gida da na zamani, in aka sami Webley mai alamar kibiya, ko Enfield ta yaƙin Bama, ko tsohuwar mai ƙanƙara da hatimin Birmingham, a ware ta, a toshe bututun da walda, a cire allurar da ke dukan harsashi, a ba ta lamba. A ma'ajiyoyin 'yan sanda na tsofaffin larduna ma a duba abin da magada suka kai tun shekaru aru-aru ba wanda ya koma nema. Sannan a yi wa iyalai hanya: a ware lokaci, a sanar a rediyo da masallatai, cewa duk wanda ya gaji tsohuwar bindiga ya kai ta fadar hakimi ko ta sarki, a gaban jami'in tsaro, ba kamu ba tuhuma. Mutanenmu sun fi sakin jiki da zauren hakimi a kan kantar 'yan sanda, kuma masarautar Kwantagora da ta Bidda da ta Minna suna da mutuncin da za su riƙe wannan amana.

Wanda ya kawo kuma kada a karɓa a sallame shi haka nan. A zaunar da shi a rubuta: ta wane ce, a wace bataliya ya yi aiki, a ina ya same ta, me ya faɗa wa 'ya'yansa game da ita. Mazan jiya na Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu su ma sun manyanta, waɗanda suka yi yaƙin basasa suna samari yanzu sun haura saba'in da biyar. Ɗaki biyu a Zungeru sun isa a fara, ɗaya na baka da kwari da sulke da bindigar toka ta zamanin Nagwamatse, ɗaya na abin da ya hau jirgin Wushishi da abin da ya biyo bayansa, kowane makami da sunan mai shi a rubuce da Hausa da Nufanci da Gwaranci a ƙarƙashinsa.